Wata 8 ina bin ofisoshi don gyara rubutun jinya a kwamfutar wod ɗinmu

Shekarata 17 ina aikin jinya, kuma ni ce in-caj a wod ɗin maza na wani asibitin gwamnati, mai gado 30, inda ake kwantar da masu ciwon zuciya da ƙoda da suga da shanyewar ɓarin jiki. Lokacin da aka ce za a ɗauke mana folda a koma kwamfuta ina cikin waɗanda suka yi murna, don na gaji da farautar foldar da ta yi ɓatan dabo, da karanta rubutun da ko mai shi sai ya ƙura ido kafin ya gane abin da ya rubuta. Aka ba mu horo na kwana 2 a ɗakin taro, kowa aka miƙa masa sunan shiga da lambar sirri a 'yar takarda, aka girke mana kwamfutar tebur 2 a teburin nas, aka ce Allah ya ba da sa'a. Daga baya sai da na yi wata 8 ina bin ofis-ofis don gyara abin da muke zubawa a cikin kwamfutar nan, kuma kusan rabin lokacin rashin sanin ƙofar da zan fara ƙwanƙwasawa ne ya cinye shi. Shi ya sa nake rubuta wannan, ko wata in-caj ɗin ta huta.

Abin ya faro ne wata safiyar Talata a zagayen likitoci. Akwai wani dattijo a gado na 12 mai ciwon zuciya, ƙafafunsa sun kumbura suntum, ana yi masa allurar da ke sa fitsari don a rage ruwan jikinsa. Irin wannan majinyacin, lissafin ruwan da ya shiga jikinsa da wanda ya fita shi ne madubin likita. Babban likita ya tsaya gaban kwamfuta ya buɗe shafin. Ruwan da ya shiga an rubuta, gurbin fitsarin dare wayam. Ya gangara bayanin nas, sai ga jimla ɗaya ta Turanci mai ma'anar majinyaci ya kwana lafiya babu ƙorafi, dare 4 a jere, har da kuskuren harafi iri ɗaya a wuri ɗaya, alamar kwafowa aka yi aka liƙa. Ɗan dattijon da ke jinyarsa yana tsaye, da aka tambaye shi ya ce, "Likita, ai Baba jiya bai runtsa ba, a zaune ya kwana yana haki, sai da muka tara masa filo 3." Likitan bai ɗaga murya ba. Juyowa kawai ya yi ya ce, "Sista, wanne zan ɗauka, na kwamfuta ko na ɗansa?" Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Bayan sun wuce na koma na duba sunan wadda ta yi rubutun, sai na ga sunan nas ɗin da ta shiga mako na 3 a hutun haihuwa.

Abin da zuciya ta fara raya mini shi ne takardar tuhuma, har na ɗauko biro. Sai na tuna ruwa ba ya tsami banza, kuma yaran nan na san su, ba ragwaye ba ne. Na sa kaina dutin dare na kwana 3, abin da rabona da shi ya kai shekara. Mu biyu ne a kan gado 30. Ƙarfe 10 muka fara awon jini da zafin jiki da bugun zuciya da numfashi, sai na ga abokiyar aikina ta yanki filasta ta manna a bayan hannunta na hagu, tana rubuta lambobi a kai da biro: lambar gado, awon jini, lambar gado, awon jini. Da filastar ta cika ta ɓare ta manna a gefen aljihu ta yanki wata. Kafin asuba rigarta ta zama allo. Kwamfutar kuwa tana can ƙarshen wod, ɗaya ƙaramin likita ya kama ta yana rubuta magunguna, ɗayar tana buɗewa kamar an ɗaura mata dutse. Sai wajen ƙarfe 6 na safe, ana gab da miƙa aiki, ta zauna ta jera filastocin a tebur tana kwashewa. Ɗaya gumi ya taɓa ta, 8 da 3 ba a bambancewa, ta yi shiru ta zaɓi ɗaya. Na ɗaga kibod, sai ga wata filastar a ƙasansa ɗauke da suna da lambar sirrin mai hutun haihuwar. Ta ce, "Anti, tawa lambar ta mutu tun wancan watan, mai gyarawa kuma ƙarfe 4 yake tashi, Asabar da Lahadi ba ya zuwa. Ko dai in shiga da wannan ko kuma kar in rubuta komai."

Washegari, ko barci ban yi ba, na wuce sashen kwamfuta. Nan na tafka kuskurena na farko. Na zauna a benci kusan awa 2 kafin shugaban sashen ya dawo daga wani taro. Na ce ina so ya fitar mini da rahoton wod ɗina, in ga lokacin da ake shigar da awo da wanda yake shigarwa, kuma a ƙara mana wasu gurabe a shafin nas. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce, "Hajiya, duk abin da kika ce na'urar tana riƙe da shi, har daƙiƙar da aka danna. Amma ni mai gadi ne, ba mai gida ba. Kawo takarda daga sama." Ban tambaye shi wane saman ba, wannan shi ne kuskure na biyu. Na rubuta wasiƙa kai tsaye zuwa ga shugaban asibiti, na kai wa sakatarensa, na dawo ina jira. Bayan mako 2 wasiƙar ta dawo mini da jan biro a kusurwa, cewa ta biyo ta hannun daraktar sashen jinya. Ranar da na shiga ofishin darakta ta riga ta ji labari. Ta cire tabarau ta ce, "Sista, zauna. Kin tsallake ni, kin tsallake matiron ɗinki, kin je kin faɗa wa duniya nas ba sa rubutu." Na ce, "Ranki ya daɗe, tuba nake, rashin sani ne." Sai da na kwashe labarin filasta da kibod na ba ta kafin fuskarta ta saki. Ita da kanta ta zana mini hanyar a bayan wata ambulan: daga ni zuwa matiron ɗin ɓangare, zuwa gare ta, zuwa shugaban kwamitin da ke kula da ayyukan asibiti, daga nan a tura kwafi ga ofishin kati da sashen kwamfuta. Ta ce kowace wasiƙa in yi ta kwafi 3, kuma kar in bar ofis sai an buga mini hatimin an karɓa, da kwanan wata, a kan nawa kwafin. Wannan shawarar ta cece ni har sau biyu daga baya, da aka ce ba a ga takardata ba.

Sabuwar wasiƙar ta yi kwana 12 tana yawo kafin ta iso ofishin kati. Shugaban ofishin dattijo ne mai tsantseni, ya sa aka kawo mini kujera, ya ce kafin ya sa hannu sai ya karanta mini abin da ya hau kaina. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ɗora wa shugaban kowane asibiti alhakin adana bayanan majinyata da hana wanda ba shi da izini kaiwa gare su, kuma ta tanadi ɗauri har na shekara 2, ko tarar naira 250,000, ko duka biyun, ga wanda ya ƙirƙiri bayanin ƙarya ko ya sauya ko ya goge ba tare da izini ba. Ya ƙara da Dokar Kare Bayanai ta 2023, wadda ta sa bayanin lafiyar mutum cikin bayanan da ake yi wa tsaro na musamman. Jikina ya yi sanyi, don filastar ƙasan kibod ta faɗo mini a rai. Da wani abu ya sami dattijon gado na 12, sunan da za a kira gaban kwamiti na matar da ke gida tana shayar da jariri ne, kuma lasisin da take sabuntawa a Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya shi zai shiga haɗari. Ya ce kula da majinyaci daban, bin fayiloli don nazari daban, saboda haka in leƙa kwamitin ɗa'ar bincike su faɗi matsayin aikina.

A can ma na sha jira, amma wannan karon laifin kalanda ne. Kwamitin sau ɗaya yake zama a wata, ni kuma na kai takarduna kwana 2 bayan zamansu. Sakatariyar ta ba ni fom, ta ce in haɗa da bayani na shafi 4 ko 5: me zan duba, fayil nawa, wa zai gani, ina zan ajiye, kuma ko ina da niyyar bugawa a mujalla. Tambayar ƙarshen nan ita ce mabuɗi. Da na ce a'a, gyaran aikin wod ne kawai, sai ta ce to mai yiwuwa ba za a ɗauke shi a matsayin bincike ba, amma kwamiti ne zai faɗa, ba ni ba. Na biya kusan naira 9,000 daga aljihuna a shagon kwafi na bakin get, tsakanin buga takardu da kwafi da ɗaurewa, ban da kuɗin data. Bayan mako 5 wasiƙa ta fito: an yarda, da sharaɗin ba suna, ba lambar kati, ba ɗaukar hoton allon kwamfuta da waya, ba tura komai ta WhatsApp. Sai a wannan ranar, wata 3 da faruwar abin, na sami ikon duba aikin wod ɗin da ni ce shugabarsa.

Mu uku muka yi duban: ni, da wata matiron daga sashen ƙaro ilimi, da nas ɗaya daga cikin 'yan wod da suka zaɓa da kansu. Takardar dubawar shafi ɗaya ce, tambaya 8, amsa e ko a'a. An auna majinyaci an rubuta ranar da aka kwantar da shi? Akwai tsarin kulawa da ya dace da ciwonsa? Awon jini da sauransu sun cika? An shigar da su cikin awa ɗaya da yin su? Maganin da ba a bayar ba an faɗi dalili? Lissafin ruwa ya cika awa 24? An duba haɗarin gyambon kwanciya? Wanda sunansa ya fito yana kan duti a lokacin? Muka ɗauki fayil 20, muka ba kowanne lamba daga 1 zuwa 20 a madadin suna. Rahoton sashen kwamfuta ya zo da lokuta biyu a gefen juna, lokacin da nas ta ce ta yi aikin da lokacin da ta danna. Ganin layukan nan ya fi kowane jawabi: awon ƙarfe 10 na dare, da na 2, da na 6, duk an shigar da su tsakanin 6 da 7 na safe. Ma'ana idan jinin mutum ya fara sauka da tsakar dare, likitan da ya buɗe kwamfuta daga ɗakin kira ba zai ga komai ba. Lissafin ruwa ya cika a fayil 4 kacal cikin 20. Shafin magani ne kawai ya fita kunya, don shi kowa yana tsoronsa.

Taron da na kira don nuna sakamakon ya fara ne kamar zaman makoki. Kowa ya naɗe hannu yana jiran a kira sunansa. Na roƙi darakta ta zo ta faɗa da bakinta cewa babu wanda za a ba takardar tuhuma kan abin da duban nan ya tono, ta zo, ta faɗa, ta tafi. Sai baki ya buɗe. Wani matashi ya ce, "Anti, in na tsaya rubutu a kan kari, wa zai juya masu shanyewar jiki?" Wata ta ce shafin tsarin kulawa jerin NANDA ne, wato jerin sunayen matsalolin jinya na ƙasa da ƙasa, mai tsawo da Turanci mai nauyi, ga netwok yana jan ƙafa, don haka kowa na farko a jerin yake dannawa ya wuce. Na duba kuwa na ga haka ne, mai ciwon suga da mai tarin fuka da mai ƙoda duk matsala ɗaya aka zaɓa musu. Dukkanmu an koya mana matakan jinya 5 a makaranta, dubawa, gano matsala, tsarawa, aiwatarwa, da sake aunawa, mun rubuta su a jarrabawa mun ci, amma a allon kwamfutar mataki na ƙarshe ko gurbi ba shi da shi. Sai Mama, wadda saura mata shekara 2 ta yi ritaya, ta ce a hankali, "Ni da yatsa ɗaya nake bugawa, 'yata. Abin da zan rubuta da biro a minti 2 sai ya ci mini 15. Shi ya sa nake kwafo na jiya." A duk wod ɗin babu mai idon Mama wajen gane majinyacin da zai rikice, amma ko kaɗan daga abin da take gani ba ya isa kwamfuta.

Daga taron muka fito da buƙatu 5, na rubuta su a fom ɗin neman sauyi na sashen kwamfuta. A nan na koyi cewa su ma ba su da ikon taɓa manhajar, kamfanin da ya sayar wa asibiti ne yake yi, kuma wasu gyare-gyaren suna cikin yarjejeniya, wasu sai an biya daban. Mako 7 muka jira. Aka yi mana 3: aka rage jerin matsalolin jinya zuwa 12 da muka fi gani a wod ɗinmu, aka sa shafin miƙa aiki bisa tsarin SBAR mai gida 4, wato halin da ake ciki, tarihin ciwon, abin da nas ta gani ta auna, da abin da take so a yi, sannan aka sa ma'aunin Braden na auna haɗarin gyambon kwanciya. Wannan ma'auni wasu masana jinya biyu na Amurka, Barbara Braden da Nancy Bergstrom, suka fitar da shi a 1987. Yana duba abu 6: ko majinyaci yana jin matsi a jikinsa, damshin fata, tashi da tafiya, iya juyawa a gado, cin abinci, da gogar fata da shimfiɗa. Maki daga 6 zuwa 23 ne, kuma iya ƙanƙantarsa iya haɗarin; daga 18 zuwa ƙasa sai a fara juya mutum a kan kari. Biyun da aka hana mu su ne kashe damar kwafowa da liƙawa, da sa na'ura ta riƙa haɗa jimillar ruwa da kanta. An ce sai sabon kasafi.

A nan ni ma na yi nawa zaƙewar. Na dage a mayar da gurabe da yawa na dole, yadda ba za a iya rufe shafi ba sai an cike su. Na ɗauka na toshe ƙofar sakaci. Mako 2 bayan nan muka sake duba fayil 20, sai ga komai a cike, har na fara murmushi. Da muka karanta abin da ke ciki murmushin ya koma. Nauyin wani ƙato kilo 1. Gurbin launin fitsari an sa ɗigo kawai. Sikelin wod ɗin ya lalace tun bara, na sani, amma na tilasta gurbin nauyi, to me nake so su rubuta? Gurbi wayam aƙalla yana faɗa maka ba a yi ba, cikon ƙarya kuwa sai ya kai likita ya baro. Na koma sashen kwamfuta da kunya na cike wani fom ɗin, aka bar na dole guda 4 kawai, sauran aka ƙara musu zaɓin "ba a yi ba" da wurin faɗin dalili. Wannan zaɓin ya zame mini makami, don da aka tara sau nawa aka rubuta babu sikeli, na ɗauki takardar na kai sito, cikin mako guda aka kawo sabo.

Maganar kusanto da kwamfuta bakin gado ita ta fi ba ni wahala. Na nemi kwamfutar hannu 4, ofishin sayayya ya ce ba ta cikin kasafin bana. Na yi sintiri har sakataren ya fara gaishe ni da "Hajiya, har yanzu dai shiru." A ƙarshe shugaban sashen kwamfuta, wanda zuwa lokacin mun zama 'yan gida, ya tono wata tsohuwar laftof ya sauya mata batir, muka ɗaure ta a kan tirolin magani da bandeji. Sai kuma muka gano netwok ba ya kaiwa gado 8 na ƙarshe. Sai da aka matsar da na'urar da ke watsa shi zuwa tsakiyar wod. Laftof ɗaya ba ta isa ba, amma ta raba mu da layin ƙarfe 6, don mai awo tana tura tiroli tana shigarwa. Muka kuma yi yarjejeniya da ƙananan likitoci cewa kwamfutar hagu ta nas ce a lokutan awo. Batun lambar sirri aka warware shi da lambar waya ɗaya ta mai jiran kira a sashen kwamfuta dare da rana, da dokar cewa duk wanda ya tafi hutu in aika sunansa a rufe shigarsa. Ɗalibai ba su da shiga, don haka duk abin da ɗalibi ya auna nas ɗin da ke kula da shi ce za ta shigar da sunanta, ta ambaci cewa ɗalibi ne ya auna. Filastar ƙasan kibod ni na ɓare ta da hannuna. Mama kuma muka haɗa ta da wata 'yar hidimar ƙasa, minti 20 bayan sallar Azahar kullum. Yanzu da yatsu 4 take bugawa, tana kuma yi wa yaran gori.

Wani dare da damina aka yi ruwa mai iska, wuta ta ɗauke, babbar na'urar da ke riƙe da bayanan ta mutu har wayewar gari. Aka koma filasta. Da safe aka zuba komai a kwamfuta kamar a lokacin aka yi. Wannan ya tuna mini ba a fafe gora ranar tafiya. Na koma ofishin kati muka tsara fom na takarda mai gurabe iri ɗaya da na allon, aka buga 200 aka sa a jar folda a durowar sama. Ƙa'idar ita ce a rubuta lokacin da na'ura ta tsaya da lokacin da ta dawo, a shigar da bayanan da alamar shigarwar baya tare da ainihin lokacin da aka yi aikin, takardar kuma a miƙa wa ofishin kati, kar a yaga.

Lissafin ruwa shi ya ƙi gyaruwa har wata na 7, kuma maganinsa bai fito daga kwamfuta ba. Wata safiya na ga wani yaro ya fito daga bayi da bokiti, ya zubar da fitsarin jakar mahaifinsa ya ɗauraye, don a ganinsa taimakon nas ya yi, kuma ba ya son baƙi masu dubiya su gani. A asibitocinmu masu jinya ne ke ba da kunu da shayi da ruwa, su ne ke zubar da fitsari, mu kuma muna zaune muna neman lambobi. Muka fara zama da kowane mai jinya ranar kwantarwa, minti 5, da Hausa. Ledar fiya wata mililita 500 ce, kowa ya san girmanta, sai muka mayar da ita ma'auni. Muka sa layi da maka a jikin kofin majinyaci. Muka rataya 'yar takarda a ƙafar gado, duk kofi ɗaya a ja layi ɗaya, wanda bai yi boko ba ma yana iyawa. Jakar fitsari kuma muka ce, "Malam, don Allah kar a zubar sai an kira mu mun karanta." A duban ƙarshe lissafin ruwa ya cika a fayil 15 cikin 20. Awon dare yawancinsa yana shiga cikin awa ɗaya, ban da daren da aka kawo sababbin majinyata da yawa. Sunan wanda ba ya kan duti bai sake fitowa ba.

Ga wadda za ta bi wannan hanya, fara daga matiron ɗinki da daraktarki, ko da kina ganin sashen kwamfuta ne ke da maganin. Tambayi ranar zaman kwamitin ɗa'a tun kafin ki rubuta wasiƙar farko, ki kai takardunsu a lokaci guda da na ofishin kati, don ni jere su na yi ɗaya bayan ɗaya na yi asarar fiye da wata. In kina tunanin wata rana za ki buga sakamakon ko ki yi amfani da shi a karatu, faɗa musu tun farko, izinin gyaran aiki ba zai rufe miki wannan ba. Kar ki buɗe fayil ko ɗaya don dubawa kafin takardar izini ta zo hannunki, komai ƙaiƙayin da kike ji. Ki yi dutin dare da kanki kafin ki yanke wa kowa hukunci, kuma ki samo alƙawarin ba tuhuma daga bakin wadda ke da ikon tuhumar, naki alƙawarin bai isa ba. Wajen dubawa kar ki tsaya a ƙirga guraben da aka cike, karanta abin da ke cikinsu, ki gwada shi da majinyacin da ke kwance. Ki nemi rahoton lokuta biyun nan tun ranar farko, shi ne ya fi komai nuna mini inda ciwon yake. Kuma ki tambayi sashen kwamfuta wane gyara ne yake cikin yarjejeniyar kamfani, ki fara da shi.

Ki tanadi kuɗin kwafi daga aljihunki, don har yau ba a mayar mini da nawa ba, kuma duk abin da na kashe ya haura naira 20,000 in an haɗa da buga fom ɗin jar folda na farko. Damar kwafowa da liƙawa tana nan ba a kashe ba, sai dai duk Alhamis muna ɗaukar fayil 5 mu karanta tare a teburin nas, kuma in jimla ta maimaitu dare biyu a jere mai ita tana ganewa tun kafin a kai ƙarshenta. Wasiƙar neman kwamfutar hannu 4 na sabunta ta makon jiya da sabon hatimi. Darakta ta ce wata mai zuwa in raka in-caj ɗin wod ɗin mata su fara nasu, na ce mata sai dai mu fara da dutin dare.